TASKAR KALMOMI: Mece Ce Ma'anar "Familiar", Kuma Daga Ina Ta Fito?

A wannan mako za mu ɗauki wata kalmar Turanci wadda kusan duk wanda ya taɓa zama a benci a makarantar boko ya ke ganin ya san ta, watau "familiar". Abin da ya sa na zaɓe ta kuwa wani ƙaramin hatsari ne da Allah ya tsare mu daga gare shi a ɗakin labarai, wanda da ya auku da mun sha kunya, watakila ma da mun tsinci kanmu a gaban alƙali.

Wani yaro ne mai koyon aiki aka ba shi labari daga kamfanin dillancin labaru na ƙasashen waje don ya juya shi zuwa Hausa. Labarin ya shafi wani babban jami'i da a ke zargi da karkatar da kuɗi, kuma a ciki an ce waɗanda suka tsegunta maganar mutane ne "familiar with the matter". Yaron nan ya dubi kalmar, ya ga ta yi kama da "family", sai ya rubuta cewa iyalan jami'in ne suka tona asirin. Da edita bai sa ido ba, da gari ya waye mun shaida wa duniya cewa matan mutum da 'ya'yansa sun kai ƙararsa wurin 'yan jarida, alhali kuwa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Abin da Baturen ya ke nufi shi ne mutanen da su ke da masaniya a kan lamarin, waɗanda ba su yarda a ambaci sunansu ba.

An yi wa yaron faɗa, ya kuma karɓi laifinsa. Amma da na koma gida na zauna na bi asalin kalmar, sai na ga ashe kuskurensa yana da tushe, domin kalmomin nan biyu uwa ɗaya uba ɗaya su ke. Abin da ya ɓace masa shi ne tafiyar da kowace ta yi bayan sun bar gida.

Mu fara da ma'anarta a Turancin yau. Bature ya kan yi amfani da ita ta fuska uku. Ta farko, abin da ido ko kunne ya saba da shi: fuskar da ka sha gani, muryar da ka sha ji, hanyar da ka sha bi. Ta biyu, mutumin da ya san abu ciki da waje, kamar akawun da ya san dokokin ofis, ko direban da ya san lungunan Legas. Ta uku, sabon da ke tsakanin mutum da mutum, kuma a nan ne a ke taka sawun ɓarawo, domin idan Bature ya ce wa ƙaramin ma'aikaci ya cika zama "familiar" da shugabansa, ba yabonsa ya ke yi ba. Yana nufin ya wuce gona da iri, ya manta da matsayinsa, ya fara wasan da bai kamace shi ba. Mai fassara da ya ɗauki ma'ana ɗaya ya yi ta liƙa ta ko'ina, to, ba shakka wata rana zai mai da zagi ya zama kirari.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, harshen Rumawan da. Suna da kalma "famulus", ma'anarta bawa ko baran gida. Daga nan aka sami "familia", wadda a wurinsu ta ƙunshi duk abin da ke ƙarƙashin ikon maigida: matarsa, da 'ya'yansa, da bayinsa, har wani lokaci da dukiyar gidan kanta. Sau da yawa ma idan Barume ya ce "familia" bayin gidan kawai ya ke nufi. Malamin shari'arsu Ulpian, wanda ya rayu a ƙarni na 3, ya yi bayani cewa kalmar tana hawa kan mutane, tana kuma hawa kan dukiya. Maigidan kuwa, wanda su ke kira "paterfamilias", ikonsa a kan 'ya'yansa maza ba ya ƙarewa don sun balaga ko sun yi aure, sai ranar da ya mutu ko ya sake su bisa ƙa'ida.

Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, domin kalmarmu ta "iyali" ma haka ta ke. Daga Larabci muka aro ta, inda ta ke nufin waɗanda mutum ya ke ɗauke da nauyin ci da shansu. Har gobe idan an ce wane yana da iyali da yawa, ba a tsaya ƙidaya waɗanda ya haifa kaɗai ba, a kan haɗa da 'yan riƙo, da marayun dangi, da duk wanda tukunyar gidan ta ke ciyarwa. Rumawa da Larabawa da Hausawa duk sun auna gida da bakunan da ke ci a cikinsa.

Daga "familia" Rumawa suka ƙera "familiaris", watau na gida. Da farko bawa ko kayan gida a ke nufi, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa amini, mutumin da ya zama ɗan gida ko da ba a gidan aka haife shi ba, wanda zai shigo zaure ba sai an yi masa iso ba. Shahararren ɗan siyasar Rum kuma gwanin magana, Cicero, wanda aka kashe a shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bar wasiƙu masu yawa da ya yi musaya da abokansa da manyan zamaninsa. Waɗanda suka zo baya suka tattara wani kashi nasu a littattafai 16, kuma sunan da aka san su da shi har yau yana ɗauke da wannan kalma, ma'ana wasiƙu zuwa ga aminai.

To, yaya kalmar ta ƙetare teku ta shiga Ingila? A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin Normandi ta arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a fagen Hastings. Daga nan har kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da na kotu da na masu hannu da shuni, Turanci kuwa ya koma harshen talakawa da manoma. Sai a shekarar 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Turanci a kotuna. Amma kafin nan dubban kalmomin Faransanci, waɗanda su ma yawancinsu 'ya'yan Latin ne, sun riga sun yi kaka-gida a bakin Turawan Ingila. A cikin wannan ayari "familiar" ta shigo, a ƙarni na 14. Abin dariya kuma, ita ce ta riga "family" isowa, domin wannan sai a ƙarni na 15 ta bayyana a rubuce-rubucensu, kuma ko a lokacin barorin gida ta fi nufi. Ma'anar uba da uwa da 'ya'ya kaɗai ta zo ne daga baya sosai.

Kafin zuwan baƙuwar nan, Turawan Ingila suna da tasu kalmar ta gado mai nufin sananne, wadda a yau za a rubuta ta "couth". Ita kanta ta kusa ɓacewa, amma kishiyarta "uncouth" tana nan da ranta. A da ma'anarta abin da ba a sani ba, baƙon abu. Yau kuwa ma'anarta bagidaje, marar tarbiyya. Ku dubi yadda baƙo ya rikiɗe ya zama marar kunya a cikin harshe, don kawai mutane sun saba zargin wanda ba su sani ba. Daga wannan tushe ne kuma su ke da "kith", wadda ba a jin ta yanzu sai a haɗe da "kin", idan suna son su ce dangi da abokan arziki.

Akwai wani babi mai duhu a tarihin kalmar, wanda ya kamata mai fassara ya sani. A Ingila ta ƙarni na 16 da na 17, mutane sun yi imani cewa kowace mayya tana da wani aljani da ke yi mata hidima, wanda ya kan zo da siffar kyanwa, ko kare, ko kwaɗo, ko ɓera, ita kuma tana ciyar da shi da jininta. Wannan aljani shi su ke kira "familiar", kuma kun ga ma'anar asali ta dawo ke nan, watau baran gida. A shekarar 1566 a garin Chelmsford aka gurfanar da wasu mata, ɗaya daga cikinsu, Elizabeth Francis, ta amsa cewa kakarta ta ba ta wata kyanwa mai irin wannan aiki, ita kuma ta miƙa ta ga wata tsohuwa mai suna Agnes Waterhouse. A wannan shekara aka rataye Agnes. A shekarar 1604, zamanin Sarki James na Ɗaya, aka yi dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga duk wanda aka samu yana hulɗa da mugun aljani ko yana ciyar da shi. Fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga da umarnin wannan sarki a 1611 ita ma da wannan kalma ta yi amfani a labarin matar nan ta Endor, wadda Sarki Saul, da mu ke kira Ɗalutu, ya je wurinta neman duba.

A tsakanin 1645 da 1647 wani mutum mai suna Matthew Hopkins ya mai da farautar mayu sana'a a gabashin Ingila. Dabararsa ita ce a tsare tsohuwa a ɗaki, a hana ta barci dare da rana, masu gadi suna zuba ido su ga ko aljaninta zai zo. Idan ƙuda ko gizo-gizo ko ɓera ya gifta, shi ke nan an sami shaida. Mutane da dama sun rasa rayukansu ta wannan hanya, galibinsu mata matalauta waɗanda ba su da mai tsaya musu, wasunsu ba su da abokin hira a duniya sai kyanwar da ke ɗakinsu. Sai dokar 1735 ce ta kawo ƙarshen hukunta mutane da sunan maita a ƙasar. A Sifen kuma, kotun cocin Katolika mai binciken masu saɓa wa aƙida tana da wasu ma'aikata waɗanda ba limamai ba, masu kai rahoto da taimakawa wajen kama mutane, su ma da wannan suna a ke kiransu, domin an ɗauke su 'yan gidan kotun.

Ke nan kalma guda ta ɗauki bawa, da amini, da aljanin mayya, da ɗan leƙen asiri. Abin da ya haɗa su duka shi ne kusanci: kowannensu yana shiga inda bare ba ya shiga, yana ganin abin da bare ba ya gani.

Tana da 'yan'uwa biyu da a kan sa su a madadinta, kuma yana da kyau a bambance su. "Acquainted" ita ma ta Faransanci ta biyo, daga kalmar Latin mai nufin sani. Ita sanayya ce kawai, irin ta gaisuwa a hanya, shi ya sa Bature ya ke raba "acquaintance" da aboki. Mu ma muna da wannan, don mun san bambancin idon sani da amini. "Conversant" kuwa daga kalmar Latin ta ke mai nufin zama tare da cuɗanya, kuma a yau an fi amfani da ita ga wanda ya laƙanci wani fanni, kamar doka ko lissafi, saboda ya daɗe yana juya shi. Idan za a jera su, sanayya ce a ƙasa, laƙanta a tsakiya ta fuskar ilmi, sabo kuma ya haɗa ilmi da kusancin zuciya.

Yanzu mu komo kan ma'ana ta uku, ta wuce gona da iri. Turawa suna da karin magana mai cewa yawan sabo ya kan haifi raini, kuma tsohuwar magana ce a wurinsu, domin marubucinsu Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya kawo ma'anarta a cikin hikayoyinsa. Tun kafin shi, a tatsuniyoyin Aesop na Girka akwai labarin dila wanda bai taɓa ganin zaki ba. Ranar farko da ya gan shi ya kusa mutuwa don tsoro. Rana ta biyu ya ji tsoro, amma ba kamar da ba. Rana ta uku sai ya matsa kusa ya fara jansa da hira. Bahaushe ya taƙaita wannan duka a tambaya da amsa: ido wa ka raina, ya ce wanda na ke gani yau da gobe. Mutanen Legas da Fatakwal kuma a Turancin buroka suna kiran wannan hali "see finish", watau an gama ganinka, babu sauran kwarjini.

Har nahawun Turanci sai da wannan tsoron raini ya taɓa. A da suna da kalmomi biyu na kiran wanda a ke magana da shi. "Thou" ta mutum ɗaya ce, ta ɗa da bara da amini, "you" kuma ta jama'a ce da ta girmamawa, kamar dai yadda ɗan Bahaushe mai tarbiyya ya ke ce wa mahaifinsa "ku" maimakon "kai". A shari'ar da aka yi wa Sir Walter Raleigh a 1603 bisa zargin cin amanar ƙasa, babban lauyan gwamnati Edward Coke da gangan ya riƙa kiransa da "thou" don ya ci masa mutunci. Mabiya ɗariƙar Quaker, wadda George Fox ya kafa a tsakiyar ƙarni na 17, sun dage a kan kiran kowa da "thou", sarki da talaka, don a ganinsu kowa ɗaya ne a gaban Ubangiji, kuma sun sha duka saboda haka. A ƙarshe Turawa suka ga hanyar tsira ita ce a girmama kowa, sai "thou" ta fita daga maganar yau da kullum, ta saura a addu'a da waƙe da wasu karkarar arewacin Ingila. Faransawa kuwa har yanzu suna riƙe da nasu biyun, kuma 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun san irin kallon da a ke yi wa yaron da ya ce wa malaminsa "tu".

Akwai wata kalma daga gidan Rumawan nan wadda ta shafe mu kai tsaye. Bawan da aka haifa a cikin gida, wanda Hausawa ke kira bacucane, su suna kiransa "verna". Daga nan aka sami "vernacular", watau harshen gida. Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san wannan kalma, domin da ita a ke rubuta sunan yaron da aka kama yana magana da Hausa ko Yarbanci ko Ibo a aji, a ci shi tara ko a ba shi yankan ciyawa. Malaman da ke yin haka yawancinsu ba su san asalin kalmar ba, kuma a Turancin masana ba zagi ba ce, harshen da jama'a ke yi a gida kawai ta ke nufi. Shi kansa Turanci ya daɗe yana amsa wannan suna a ƙasarsa, lokacin da Latin da Faransanci su ke kan gadon mulki. Yaran da aka hukunta saboda harshen iyayensu ya kamata su san wannan.

Mu a Hausa kalmar da ta fi dacewa da "familiar" ita ce sabo, amma ita ma tana da tarkonta a rubuce. Sabo na sabawa da sabo kishiyar tsoho harafinsu ɗaya, karin sauti ne kaɗai ya raba su, sai mai karatu ya dubi jimla kafin ya gane wanne a ke nufi. Ga kuma saɓo, wanda ƙugiyar da ke kan harafi ce kaɗai ta raba shi da su, kuma duk wanda ya yi aiki da keken rubutu ko wayar da ba ta da haruffa masu ƙugiya ya san yadda "sabo da malam" ke iya komawa abin da ba a nufa ba. Karin maganarmu kuma sun nuna kakanninmu sun auna sabo ta kowane ɓangare. Sun ce sabo da maza jari ne, don sun san amfanin sanin mutane. Sun ce sabo turken wawa, don sun ga mutumin da ya kasa barin abin da ke cutarsa saboda kawai ya saba. Sun kuma ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, gargaɗi ga wanda ya ke tsammanin kusanci da mai iko zai kare shi ranar da buƙata ta taso.

Saboda haka ga shawarata ga abokan aiki masu fassara, da ɗalibai, da akawuna. Idan kalmar ta hau kan abu, a ce sananne ko wanda aka saba da shi. Idan ta hau kan mutum da wani lamari, a ce yana da masaniya, ko ya san kan abin. Idan ta hau kan mutum biyu, a duba da kyau ko aminci a ke nufi ko raini, kafin a sa alƙalami. Idan kuma a tsohon littafi aka gamu da ita kusa da mayya, aljani ne.

Ku kuma masu karatu, idan kun ga mun rubuta cewa wata majiya mai masaniya ta shaida mana abu, ku sani ma'anarsa mutumin yana kusa da lamarin amma ya ƙi a faɗi sunansa. Haƙƙinku ne ku tambaya kusancin nasa wane iri ne, na amini ne ko na mai neman ɗaukar fansa, kuma nauyi ne a kan ɗan jarida ya tabbatar da maganar daga wani bakin kafin ya buga. Yaron da na ba ku labarinsa yanzu ba ya miƙa fassara sai ya buɗe ƙamus, ko da kuwa kalmar ta yi masa kama da wadda ya sani tun yana aji uku.

Mai tambaya a kan wata kalma ya aiko da wasiƙarsa ta hannun edita. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.